A daina karya wa yaran Arewa jiragensu

Akwai kalma guda da nake fatan a yi wa jana'iza a makarantunmu na Arewa, ƙasar Mawri, tun daga Matankari har Kore Mai Ruwa. Kalmar ita ce "aikin banza". Da ita ake tarbar duk yaron da aka kama a bayan aji yana feƙe kara, yana soka totuwa da tsinke, yana haɗa mota ko jirgin sama. Mushe ya ƙwace, ya take da takalmi, ya ce a ɗauko littafi. Yaro ya koma gida, uba ya ce tun da ba shi da abin yi, ya je ya yiwo wa awaki ciyawa. Haka ake yi har hannun yaron ya mutu. In ya girma kuma mu ne za mu zauna a majalisa muna cewa baƙar fata ba ya ƙera komai.

Ni malamin makaranta ne. Makarantar horon malamai na fito, na haura shekara 20 da alli a hannu tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. Da wannan matsayin nake cewa yaron da ke haɗa jirgin kara yana kan darasin da ya fi rabin abin da muke rubuta masa a allo amfani, kuma malamin da ya take masa jirgi ya take darasin lissafi ne bai sani ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne hotunan bidiyo da ke yawo a wayoyinmu, na mutanen Turai da Amurka da Japan, tsofaffi da jikokinsu, suna ƙera ƙananan jirage na katako suna tashinsu da rimot, ko telekomand kamar yadda muke cewa a nan. Na ji abin da wasu abokan aikina ke faɗa in sun gani: wasan masu ƙoshi ne, wanda ya ci ya ƙoshi shi ke da lokacin wasa da jirgi. Kafin mu yi dariya, bari mu buɗe kwalin mu ga abin da ke ciki.

Ana sayar da jirgin ne a wargaje cikin kwali. A ciki akwai faffaɗar takarda mai zanen jirgin daidai girmansa, da siraran katako na wani icce da ake kira balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka yake fitowa. Iccen nan ɗan uwan rimi ne da kuka, danginsu ɗaya, kuma rashin nauyinsa ya kai a ce bai wuce kashi ɗaya cikin shida na nauyin ruwa mai girmansa ba. Mai haɗawa zai shimfiɗa zanen a kan allo, ya jera haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya a kan ƙashin bayansa, ya kafe su da allura, ya sa gam, ya jira ya bushe. Sai ya goge da sanfefa, ya lulluɓe da wata siririyar leda da ake mannawa da dutsen guga. Daga nan ya sa ɗan injin lantarki da farfela da batir, da akwatin da ke karɓar saƙon rediyo, da wasu ƙananan injuna da ake kira sarbo, waɗanda ke jan jelar jirgin sama ko ƙasa, dama ko hagu, gwargwadon yadda mai riƙe da rimot ya motsa yatsansa. Aikin yakan ci makonni. Kuskuren milimita biyu a fiffike ɗaya ya isa ya sa jirgin ya riƙa karkata gefe har ya kifa.

To, malam ɗan uwana, ɗauko tsarin karatun CM1 da CM2 ka ajiye kusa da wannan kwalin. Awon tsawo yana ciki, haka awon nauyi da kusurwa. Ma'aunin zane, wanda muke shan wahalar fahimtar da yara a kan taswira, shi ne shafin farko. A ce fiffike yana da tsawon santimita 80 da faɗin santimita 15: yaro zai ninka ya sami fili 1200. In jirgin ya auna giram 240, zai raba ya san nauyin da kowane yanki na fiffiken ke ɗauke da shi, ya kuma gane dalilin da ya sa jirgin abokinsa mai nauyi ke buƙatar gudu kafin ya tsaya a iska. Wurin da nauyin jirgi ke daidaita yakan faɗo tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike daga bakinsa na gaba, wato a nan wajen santimita 4 zuwa 5. Yaro zai ɗora jirgin a kan yatsu biyu ya gani da idonsa. In hanci ya yi nauyi, jirgi ya soki ƙasa. In jela ta yi nauyi, ya ɗaga kai, ya tsaya cak, ya faɗo. In ya jefa shi daga tsayin mita 2 ya sauka a mita 12, ya san jirginsa na tafiya mita 6 a kan kowace mita da ya sauko. Wannan shi ne kason da muke rubutawa a allo yara suna hamma.

Abin da ya fi burge ni da jirgi shi ne ba ya karɓar hadda. Mu malamai mun san yadda ake cin jarabawa a ƙasar nan. Yaro ya haddace darasi kamar aku, ya zuba a takarda, bayan sati biyu ka tambaye shi ya kalle ka. Wani ya leƙa takardar maƙwabcinsa. Wani ubansa ya san wanda ya san wani. Iska ba ta san ɗan kowa ba. Ka auna daidai, jirgi ya tashi. Ka yi ha'inci a awo, ya faɗi a gaban kowa. Yaron da jirginsa ya faɗi sau biyar, ya gyara, ya tashi a na shida, ya koyi abin da bulala ba ta taɓa koya wa kowa ba, wato ya nemi dalilin faɗuwa maimakon ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Masu cewa wasa ne su duba inda jirgin sama ya samo asali. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgi mai tsawon kusan rabin mita a wani lambu a Paris. Roba ce murɗaɗɗiya ke juya masa farfela, ya yi tafiyar kimanin mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa ƴaƴansa tsarabar wani abin wasa irin ƙirar Pénaud, na takarda da gora da roba, mai tashi sama in an sake shi. Yaran suka yi wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Su ne Wilbur da Orville Wright. Sun girma suna gyaran keke a garin Dayton, babu wanda ya karɓi takardar gama sakandare a cikinsu. A 1899 suka fara gwaji da wani fiffike da ake riƙewa da igiya, a 1901 suka gwada siffofin ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin wani akwati da suke hura wa iska. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi da mutum a ciki, daƙiƙa 12, mita 37 ko kusa da haka. Da ubansu irin namu ne, da ya take abin wasan ya tura su ciyawa.

Tun kafin su ma, masu tarihi sun ruwaito cewa Abbas ibn Firnas na Kurɗuba, a Andalus, a ƙarni na 9, ya ɗaura fukafukai ya tashi, ya ji ciwo a baya wurin sauka, aka ce don bai yi wa kansa jela ba. Duk yaron da ya taɓa jefa jirgin kara marar jela ya san wannan darasin ba tare da ya karya ƙashi ba. Amfanin ƙaramin jirgi ke nan: kuskure a kansa ba ya cin rai.

Kada a ce duk wannan labarin nesa ne. A Kaduna an haɗa jiragen koyon tuƙi guda 60 na sojan saman Najeriya, waɗanda ake kira Air Beetle, kuma daga kayan haɗi na wani jirgin Amurka mai suna RV-6A aka haɗa su. Bambancinsu da kwalin da muke wa dariya shi ne girma, da kuma cewa su na ƙarfe ne. A Kano, a 2007, wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya zaga duniya. A nan gida kuwa muna da Aziz Kountché, wanda ya faro daga sha'awar ƙananan jirage, ya koya wa kansa ƙira, ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A 2016 hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirgi marar matuƙi da ya ƙera wajen zana taswirar sansanonin Sayam Forage da Kabelawa a jihar Difa, don a san inda mutane suke da inda za a kai musu ruwa da sauran bukatu. Ga inda "aikin banza" ke kai mutum. Kuma a Yamai ɗin nan makarantar EAMAC take tun 1963, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu hasashen yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Yara nawa ne a Gesheme ko Dumega suka taɓa jin sunanta daga bakin malaminsu?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Ta farko: Mushe, yaran da ke zaune a ƙasa cikin ajin zana, littafi ɗaya mutum huɗu, su kake wa maganar jirgi? Ajin zana ba baƙona ba ne. Ban manta gobarar makaranta a Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar ba, inda yara kimanin 20 suka rasu a ta farko, fiye da 20 a ta biyu, Allah ya jiƙansu. A gina azuzuwa, a kawo teburi, wannan haƙƙi ne kuma ba za mu daina nema ba. Amma wa ya ce sai an gama ginin za a bar yaro ya yi amfani da hannunsa? Ajin da ba shi da littafi shi ya fi kowane aji buƙatar abin da za a taɓa, a auna, a gwada. Talauci hujja ce ta rashin kayan awo na gilashi. Karan dawa kuwa yana nan jibge a kowace gona bayan kaka.

Ta biyu ita ce tsada, kuma gaskiya ce. Kwalin balsa da rimot da batir da caja za su iya cinye albashin malamin kwantaragi na wata guda, su nemi ƙari, ban da wahalar kawo su. A nan ne nake da faɗa da wani ɓangare na dabam, masu jiran "proje". Mun san yadda ake yi. A kawo kaya daga waje, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, sai a kulle kayan a kabad ɗin darakta don kada yara su lalata. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda kayan gwajin kimiyya suka shekara biyar a kulle har gara ta cinye kwalayen, ba yaron da ya taɓa ganin cikinsu. In haka za a yi da jirgi, gara kada a kawo.

Kwali ɗaya ya ishi gunduma guda a matsayin abin koyi. A buɗe shi a gaban malamai, a kwafi zanen, a ga yadda aka yanka haƙarƙarin, a fahimci dalilin kowane yanki. Sauran aikin kayan gida ne. Totuwar karan dawa ba ta da nauyi kuma tana yankuwa da reza. Ɓawon karan, in an tsaga shi siri-siri, yana lanƙwasa kuma yana da ƙarfi. Gamba tana ba da sanda miƙaƙƙiya. Ƙaro yana manna takarda. Ga takardar buhun siminti, ga farin soson da ake naɗo firiji da talabijin da shi wanda ke zube a bayan shaguna, ga tsohon tub na keke da za a yanka a murɗa ya juya farfela kamar na Pénaud. Jirgin farko ba ya buƙatar inji ko rediyo, jefa shi ake yi da hannu. Sai yaro ya iya daidaita wannan sannan a yi maganar roba, sannan inji. Rimot shi ne matakin ƙarshe, kuma guda ɗaya ya ishi yara 30 su riƙa karɓa-karɓa. Masu gyaran waya da rediyo na kasuwar Dogon Dutsi sun iya sarƙa waya da narka dalma fiye da yawancinmu masu takarda. Kafintoci na nan. A gayyace su aji, a ba su kujera, a kira su malamai, domin a ranar su ne malaman.

Ta uku ita ce tsaro, kuma ba na wasa da ita. A halin da jihar Doso take ciki, duk abin da ke shawagi a sama da rimot zai iya tayar da hankalin jama'a da na jami'an tsaro, kuma suna da gaskiya. Akwai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, akwai hukumomin gunduma. Kada kowa ya tashi jirgi mai rimot sai da izini, a fili sananne, da rana tsaka, nesa da bariki, kuma ba tare da kyamara ba. Sai dai wannan dalili ne na tsari. Jirgin totuwa da yaro ya jefa a filin makaranta ya sauka bayan taku 15 ba ya barazana ga kowa. Kuma in har jirage marasa matuƙi sun zama makamin zamani, ƙasar da ƴaƴanta ke tsoronsu ba su san cikinsu ba ita ce ke cikin haɗari.

Babban abin takaicin shi ne ba sabuwar doka nake nema ba. Lokacin yana nan a jadawalinmu, sunansa APP, darasin aikin hannu da sana'a. Kowane malami ya san abin da muka mayar da shi. Lokacin shara ne. Lokacin ɗebo ruwa ne a cika randar darakta, ko a tura yara su kawo kara a gyara dangar gidan mushe. In jarabawa ta matso, a haɗiye shi gaba ɗaya a yi bitar nahawun Faransanci. Sufeto ya zo, ya duba littafin shirin darasi, ya ga an rubuta APP da jan biro, ya sa hannu ya tafi, bai tambayi abu ɗaya da yara suka ƙera ba. A makarantar horon malamai ma haka aka yi mana: an karantar da mu muhimmancin aikin hannu a kan allo, muka kwafa, muka haddace, muka ci jarabawa a kansa.

Jami'armu ta Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ya yi aiki a kan na'urorin da ke dafa abinci da ɗumama ruwa da zafin rana. Tun 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya soki makarantar da mulkin mallaka ya bar mana. Makarantar nan an gina ta ne don ta fitar da akawu da tafinta, mutanen da za su kwafa su miƙa. Shekara 60 da ɗoriya bayan littafin, har yanzu yaron da ya iya kwafa shi ne na ɗaya a ajinmu, wanda ya iya ƙira kuwa shi ne "marar ji".

Yau bakin kowa ƴancin kai da sake gina ƙasa. Madalla. Sojojin Amurka sun bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas a 2024. Jiragen Bayraktar da ƙasarmu ta saya kuwa a Turkiyya aka ƙera su, kuma duk ranar da wani abu ya lalace a cikinsu, can za a waiwaya. Wanda zai ƙera na Nijar nan da shekara 20 yana CE2 yau, wataƙila a Lugu, wataƙila a wani ƙauyen Dallol Mawri da ba ya cikin taswira. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, sunayen sassan jirgi da Hausa ba kwamiti ne zai zauna a otel ya ƙago su su zauna ba. Yaran da ke riƙe da sassan a hannu su za su raɗa musu suna, kamar yadda makanikai suka raɗa wa sassan mota.

Kada kuma a mayar da abin na maza kaɗai. Yarinyar da ke saƙa faifai tana lissafin zagaye da daidaiton launi tun ba ta shiga lakkwal ba, hannunta ya saba da aikin da ba ya son gaggawa. Ita ce za ta jera haƙarƙarin fiffike ba tare da ɗaya ya goce ba.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Sufetocin Dogon Dutsi da Tibiri su riƙa tambayar abin da yara suka ƙera a APP, su gani da ido, su taɓa. A taron ƙara wa juna sani na malamai, a ware zama ɗaya a shekara inda kowane malami zai haɗa jirgin jefawa da hannunsa, ya auna nisan da ya yi. Kwamitocin iyayen yara su ajiye wa makaranta dami biyu na karan dawa bayan girbi, da reza da zare da ƙaro. Ƴan Arewa mazauna Yamai da Lome da Kwatano da Turai, masu aiko da riguna da kofin ƙwallo duk hutu, wani ya aiko da kwali ɗaya na balsa da rimot ɗaya, da sharaɗin ba za a kulle su a kabad ba. A ƙarshen shekara a yi gasa tsakanin makarantu, jirgin da ya fi daɗewa a iska ya ci, a auna da agogo a gaban iyaye.

Kai kuma ɗan uwana mai alli, gobe in ka kama yaro da jirgin kara a ƙarƙashin tebur, karɓa ka ajiye a kan teburinka har a tashi. In an tashi ka ba shi ma'auni, ka ce ya faɗa maka tsawon fiffiken da faɗinsa, ka tambaye shi me ya sa yake karkata hagu. In bai sani ba, ku nema tare. Allah ya raya mana su, ya sa su fi mu.